Safo: Miyar Kuka Daga Kan Icce Zuwa Akushi

A wannan mako shafinmu ya bar Yamai da gardamar siyasa, ya gangara fadamar Gulbin Maraɗi, garin Safo, don mu dubi wani abu da kowa ke ci kullum amma ba safai yake shiga jarida ba, wato miya. Bahaushe ya ce tuwon girma miyarsa nama. To, amma duk wanda ya san ƙauye ya san nama baƙo ne a tukunya, daga ranar kasuwa sai ranar suna sai salla. Abin da ke raka tuwo a sauran kwanakin shekara, galibi kuka ce. Ma'aikaci na kiranta miyar ƙarshen wata, ɗan kasuwa ba ya yarda a kai wa baƙonsa ita, alhali da wuya ka sami ɗaya daga cikinsu da ba ita ta raine shi ba.

Safo na kudu da birnin Maraɗi, cikin gundumar Madarunfa, kusa ƙwarai har mai babur kan kai kayan lambu kasuwar birni da safe ya komo kafin rana ta take. Garin na da sarautar gargajiya, kuma ya zama ƙaramar hukuma a rabon da aka yi a 2002. Ƙasarsa kashi biyu ce. Akwai jigawa, inda ake noman hatsi da wake da gyaɗa da ruwan damana, wanda a yankin kan kai milimita 500 zuwa 600 a shekara mai kyau. Akwai kuma fadama, baƙar ƙasa mai laka, inda mangwaro da gwaba ke inuwa, ana noman dawa da rogo, da rani kuma tumatir da albasa da zogale. Gulbin da ya yi wannan fadama daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya yi gwiwa cikin Nijar, ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima. Da damana kaɗai yake gudu, kuma tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya wajen 1990, manoman fadama ke kukan ba ya malala kamar da. Mutanen nan akasarinsu Katsinawa ne, don bayan da jihadi ya ci Katsina a 1807 sarakunanta na Haɓe suka yo arewa suka zauna Maraɗi. Shi ya sa in ka ci tuwo a Safo ka je ka ci a Jibiya, harshenka ba zai gaya maka ka ƙetare iyaka ba.

Mai tafiya cikin gonakin jigawa zai riƙa ganin kuka jefi-jefi, ƙatuwa, gindinta sai mutum uku ko huɗu sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Da rani tsirara take, ba ganye ko ɗaya. Tana fara toho da bazara, tun ruwa bai sauka ba, amma babban ɗiba sai ƙarshen damana zuwa kaka, kafin ganyen ya yi ja ya zube. Samari kan hau su sassaɓo, mata da yara na ƙasa suna tsinkewa, wasu kuma da doguwar gora mai ƙugiya suke aiki. Shi ya sa kukar da ke kusa da gari rassanta gajeru ne, dunƙule kamar hannun da aka naɗe, saboda yawan aski. Ba kowace kuka ce ake so ba: akwai mai ganye mai ɗaci, akwai mai daɗi, kuma matan gari sun san su ɗai-ɗai kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ba kuma ta banza ba ce a daji. Kukar da ke cikin gona ta mai gona ce, tana shiga gado, wanda ya hau ta ba izini ya ja magana.

Daga nan aikin ya koma cikin gida. Ana shanya ganyen a tabarma, kuma macen da ta san abin da take yi a inuwa take shanyawa, ƙarƙashin rumfa ko cikin ɗaki mai iska. Kukar inuwa kan fito shar da ita, ta rana kuwa sai ta koɗe ta yi fari-fari. Binciken da aka yi a Mali ya gaskata matan, don ya nuna shanyar inuwa ta fi tsare sinadarin nan mai gyara ido da likitoci ke kira bitamin A. In ganye ya bushe ƙayau sai a daka a turmi, a tankaɗe, a mayar da tsakin a sake dakawa, har ya zama gari mai laushi. A zuba a tulu ko buhu a rufe, ya kai iyali wata damanar. Sauran jikin iccen ma ba na yarwa ba ne. Ɓawonsa igiya ne, garin ƴaƴansa na shiga kunu da fura, kuma saboda ƴaƴan nan ne aka ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa.

Kuka ita kaɗai yauƙi ne da launi. Abin da ke ba miya rai daudawa ce, ita kuwa iri biyu ake sani a nan. Ta farko daudawar kalwa, wadda ake yi da ƙwayar ɗorawa. Kalwa na da tauri kamar tsakuwa, sai ta wuni ta kwana bisa wuta kafin ta yi laushi. Sannan a surfe ta a turmi da ɗan yashi ko toka don ɓawon ya fita, a wanke, a tsince, a sake tafasawa, a tsane, a zuba cikin ƙwarya ko kwando a lulluɓe da ganye da tsumma a ajiye wuri mai ɗumi. Bayan kwana biyu ko uku warinta da kansa zai sanar da maƙwabta ta nuna. A kirɓa, a mulmula, a shanya, ta yi baƙi ƙirin, baƙin da ya sa ake karin magana da ita cewa daudawa ta ce wa manda baƙa. Ta biyu ita ce daudawar batso, wadda ake yi da gurguzu, wato ƙwayar yakuwa. Ita ma dahuwa ce mai tsawo, da ruwan toka ko kanwa, a rufe ta ruɓa, a daka, a sake rufewa, sannan a shanya. Ta fi ta kalwa arha, ta fi ta ƙarfin wari, kuma ita ce ta yau da kullum a gidajen ƙauye, don yakuwa ba ta buƙatar kowa ya jira icce ya girma. Tokar da ake tacewa ta karan hatsi ce, mata na tara ta tun daga kaka. Wanda ya ga wannan aiki zai gane masu cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi ba da wasa suke ba.

Ga yadda ake haɗin. Da la'asar sakaliya, in an ɗora tukunyar tuwo a babban murhu, sai a ɗora ƙaramar tukunya a gefe da ruwa daidai yawan masu ci. A turmi a daka daudawa da barkono da busasshiyar albasa, mai hali ya ƙara citta da masoro da kanumfari. A zuba cikin ruwan da gishiri da ɗan ƙanƙanen kanwa. In akwai ƙashi ko busasshen kifi daga tabkin Madarunfa, a gyara a jefa. In babu, ɗan dakakken wake ko ƙuliƙuli ya tsaya a madadinsa. Sai a bar tukunya ta yi ta tafasa har ɗanyen warin daudawa ya mutu, ƙamshi ya tashi. A nan ne masu gaggawa ke faɗuwa, don miyar da daudawarta ba ta dahu ba, ko an zuba mata rabin rago ba ta gyaruwa.

Kaɗi shi ne na ƙarshe, kuma sai tuwo ya kusa kwasa ake yin sa. A janye itace wuta ta lafa. Hannu ɗaya na barbaɗa garin kuka kaɗan-kaɗan, ɗayan na juya maburgi ba tsayawa. In aka zuba da yawa a lokaci ɗaya sai ta yi gudaji, in aka wuce kima sai ta yi kauri ta kama ɗaci, in aka yi ƙwauro sai ta tsinke ta kasa riƙe loma. Ba awo, ba mizani, ido ne da hannu. Mai girki kan ɗaga ludayi ta duba yadda miyar ke zuba: in ta sauko kamar zare ba ta katse ba, ta yi. Daga nan ba ta wuce ƴan mintoci a wuta, kuma ba a rufe ta, don tana kumfa ta zube. A kwashe tuwo da mara, malmala-malmala cikin akushi ko kwano, a zuba miya, a ɗiga man shanu in an samu daga Fulani. Kwanon maigida ya fita zaure, inda maƙwabta kan haɗa nasu a ci tare bayan magariba. Almajiri ya sami rabonsa a ƙofa. Abin da ya rage ya kwana, da safe ya zama ɗumame, kuma akwai dattawan da za su rantse maka ɗumamen kuka ya fi na daren daɗi. Yarinyar da za a kai ɗaki, da wannan kaɗi ake gane ko uwarta ta yi aiki. In baƙo ya ce wa uwar gida «sannu da aiki, Allah ya yi albarka», ya kuma miƙo kwano wayam, to ta ci jarrabawa.

Wannan miya ba ta Safo kaɗai ba ce, ba kuma ta Hausa kaɗai ba. Zabarmawa na kaɗa ta, a Mali da Burkina Faso ana cin tuwo da ita, a Senegal kuwa garin ganyen ake zuba wa dambunsu na hatsi don ya yi santsi, suna kiransa lalo, sunan da mu muke ba wani ganye dabam. A arewacin Gana da zangunan Kumasi da Ankara ana sayar da ita da sunanta na kuka, tare da tuwon da suke kira «tuo zaafi», wanda kowa ya ji ya san tuwon zafi ne fatake suka kai can a zamanin cinikin goro. Daudawa ma haka: sumbala ce a Mali da Burkina, netetu a Senegal, iru a ƙasar Yarbawa, a Gana kuwa dawadawa. Ita ta batso, Mosawa na ce mata bikalga. Waɗanda suka yi lakkwal sun san a littafi kuka na ɗauke da sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya gan ta a Senegal a 1749, ɗorawa kuma an raɗa mata sunan Mungo Park. A 2008 Tarayyar Turai ta yarda a sayar da garin ƴaƴan kuka a kasuwanninta a matsayin sabon abinci. Sabo ne a wurinsu.

Ƴan kasuwa masu karanta wannan shafi sun san ba abin da ke yawo haka ba kuɗi a bayansa. Kuɗin miya kuwa a hannun mata yake. Bisa al'ada maigida ke fidda hatsi daga rumbu, ya ba da abin cefane gwargwadon hali, amma abin da ke cike giɓin daga gamana yake fitowa, ƴar gonar da ake yankar wa mace. A nan take shuka yakuwa da kuɓewa da riɗi, ta busar, ta ajiye na gida, ta sayar da saura da tiya ko da ƙoƙo a kasuwa. Wani mai bincike Bafaranshe, Claude Raynaut, ya daɗe a Sumarana, ƙauyen lambu da ke nan cikin fadama, kuma a 1977 ya buga nazari a kan yadda ake dafa abinci da yadda yake zagayawa cikin gari. Ya nuna dafaffen abinci ba ya tsayawa a gidan da aka dafa shi: yana fita a tallan yara, yana fita a kyauta tsakanin ƙawaye da dangi, kuma ta wannan hanya kuɗi ke wucewa daga aljihun maza zuwa hannun mata. Har gobe wanda ya zauna bakin kasuwar ƙauye zai ga haka. Daga kuɗin daudawa da tuwon sayarwa ake zubin adashi, ake sayen akuya, ake tara kwanonin aure.

Wani abin lura shi ne miyar nan ba ta jiran jirgin ruwa. Ran 12 ga Janairu 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Turai cikin gwangwani ya haura. A 2019 Najeriya ta rufe iyakarta sama da shekara guda. A 2023 aka sake rufe iyakoki, kayan da ke zuwa ta tashar Kwatano suka tsaya. A duk waɗannan lokuta gidan da ke da tulun kuka da curin daudawa ya kwana da miya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da ba ta da teku.

Amma kada mai karatu ya ɗauka komai lafiya. Abu na farko, dunƙulen ɗanɗano na kanti, irin su Maggi da Jumbo, ya shiga kowace tukunya har ƙauyen da mota ba ta zuwa. Dalili a fili yake: ba ya cin itace, ba ya cin kwana uku, ba ya wari, ana sayen ƙwaya ɗaya. Ba wanda zai ga laifin macen da ta wuni a gona da rijiya in ta zaɓi sauƙi. Sai dai kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na daudawar kalwa abinci ne mai gina jiki, irin wanda ake nema a nama da wake. In dunƙule ya raka daudawa ba a yi asara ba, amma in ya kore ta, miya ta yi daɗi a baki ta rage amfani a jiki.

Abu na biyu, ƙasa ta yi kaɗan. Kudancin jahar Maraɗi na cikin wuraren da jama'a ta fi cunkushewa a Nijar, kowane rabon gado na ƙara tsaga gonaki, kuma in gona ta ƙanƙance gamanar mace ce ke fara tafiya. Macen da ba ta da inda za ta shuka yakuwa sai ta sayi abin da da take sayarwa. Shekarar 2005 ta tona wannan asiri. A shekarar ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta karɓi yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi, kuma Madarunfa da Gidan Rumji, masu ruwa da fadama, na cikin inda abin ya fi muni. Dalilan na da yawa, akwai tsadar hatsi, akwai bashi, akwai zazzaɓin cizon sauro. Ba mai hankalin da zai ce cokalin kuka zai warkar da su. Amma hatsi shi kaɗai cika ciki yake yi. Abin da ke ƙarfafa ƙashi da ƙara jini, a gidan da ba nama ba madara, daga ganye da daudawa yake zuwa, kuma yaron da aka yaye aka bar shi da farin kunu shi ne ya fi kowa rashinsa.

Abu na uku, itatuwan kansu. Ɗorawa na son ruwa fiye da abin da sama ke bayarwa yanzu, tana ja da baya zuwa kudu, kalwa mai yawa da ake gani a kasuwa daga can ƴan kasuwa ke kawo ta. Kukokin da ake aska a yau kuwa, galibinsu kakanni suka tarar. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa kuka da ɗorawa da gawo da tsamiya cikin itatuwan da aka hana sara, amma ta bar manomi yana ganin iccen gonarsa na gwamnati ne, har ya gwammace ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami da ya ja wa kansa tarar ma'aikatan gandun daji. Sai bayan farin 1984, shekarar yunwar da mutanen nan ke kira El-Buhari, abin ya fara juyawa. A shekarar aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A lokacin kuma Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya fara jan hankalin manoma su daina ƙone kututture, su zaɓi toho biyu ko uku su raina. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda masu bincike suka ƙiyasta ya mai da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 na gonakin Nijar. Dokar 2004 ta sassauta, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya raina.

To, sai dai sassaben zamani da abin da ke da saiwa a ƙasa yake aiki, irin su gawo da kalgo da sabara. Inda kuka ta ƙare, sai an shuka. Ba kuwa aiki ne mai wuya ba. A jiƙa guntsu a ruwan zafi don ɓawonsa ya yi laushi, a shuka, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Masu cewa wanda ya dasa kuka ba ya shan miyarta, ƴaƴa suke nufi. Ganye kuwa, a Mali an gwada shuka ta a fangali kamar alayyafo, ana tsinka cikin ƴan watanni. Fadamar da ta iya noman zogale har ana loda shi zuwa Yamai ba za ta kasa wannan ba. Wanda kuma ke shakkar ko akwai riba, ya je Miriya ta Damagaram ya ga gonakin da kuka ta cika, da buhunan ganye da ke fita daga can kowace kaka.

Saboda haka muna da magana biyu. Ga ma'aikata: kowace ranar 3 ga Agusta ana fita dashen itatuwa, kuma shekara da shekaru dogon yaro da turare ake dasawa a farfajiyar biro da lakkwal da gidan likita. Inuwarsu na da daɗi, amma ba a kaɗa su. A cikin kowane rami goma a bar wa kuka biyu, a kuma sa wanda zai ba ta ruwa bayan an naɗe tutoci. Masu rabon fili a fadama su tuna da ƙungiyoyin mata. Ga alhazan kasuwa: kun iya kawo shinkafa daga Tailan da tumatirin gwangwani daga Sin, ba zai gagare ku ba ku sayi kuka shanyar inuwa da daudawa mai tsabta daga hannun matan Safo a farashin kirki, ku ƙulla su da kyau, ku kai Yamai da Agadas da Arlit da zangunan kurmi, inda ƴan uwanmu ke marmarinsu. Wanda ya biya mai shanyar inuwa fiye da mai shanyar rana ya yi wa lafiyar jama'a aikin da takardar hukuma ba ta yi ba.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa rumbu da tulu su cika. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu.